Lawali Mai Hoto da Masu Sunan Baba

Lawali Mai Hoto taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da iko. Lokacin da yake raye ma a gaban idonsa nake faɗa, ya yi dariya ya ce, "Ci gaba, Laraba, bakinki na za shi gajiya." Ga shi bakin bai gaji ba har yau, sai dai babu mai tanka mini.

A Gwandu aka haife mu, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Mahaifinsa, Kawu Adamu, ɗinkin hula yake yi a zaure, mutum ne mai tsare gida wanda tarinsa kaɗai kan watsa yara. Lawali ya tashi da halaye biyu da kowa ya san shi da su. Na farko, ba ya iya cewa a'a. Ko rigar jikinsa ka roƙa, zai tsaya yana sosa ƙeya har ka cire masa ita da kanka. Na biyu, ba ya kama sunan ubansa.

Za a ce ai wannan kowa ma haka yake, ɗan kirki ba ya kiran sunan mahaifi gatsau. Gaskiya ne, amma na Lawali ya wuce na mutane. Shi ko rubutawa ba ya yi. A firamare an sha zane shi a kan haka, ƙarshe malamai suka gaji suka bar shi da Lawali Gwandu. Idan karatu ya biyo ta kan Annabi Adamu, sai ya ce Annabin farko, alaihissalam. Duk wani mai wannan suna kuwa, tsoho ne ko jinjiri, a wurinsa Mai Sunan Baba ne. Na sha tare shi a gaban mutane in ce ya faɗa sau ɗaya tak in yafe masa kuɗin shara na shekara, sai ya toshe kunne ya gudu.

Farkon shekarun tamanin ya je Sakkwato ya koyi ɗaukar hoto, ya dawo da kyamara a wuya da wani labule da aka zana jirgin sama da gidan bene a jikinsa. Ya ɗaure labulen a bayan keke ya shiga bin kasuwanni, yau Kambaza, gobe Diggi, jibi Kalgo. Masunta da ba su taɓa ganin filin jirgi ba duk sun tsaya gaban jirgin Lawali sun ƙame. Ba zan ce ya fi kowa iya hoto ba, don akwai wanda ya yi mini da na fito kamar an tashe ni daga barci. Amma yana da haƙuri da mutane. Zai gyara maka hula, ya karkata maka haɓa, ya jira har kunyar ta sake ka.

Ajiyarsa a ambulan take. In ya wanke hoto sai ya sa a ambulan, ya rubuta suna da gari, ya jera a wata tsohuwar adaka ta ƙarfe har mai shi ya zo. Masu sunan kawu kuwa ba su da iyaka a ƙasarmu, don haka adakar cike take da su: Mai Sunan Baba na Kambaza, Mai Sunan Baba na Diggi, Mai Sunan Baba mahauci. Wani lokaci har garin ma ɗaya ne, ambulan biyu rubutu ɗaya, suna kwance kafaɗa da kafaɗa. Bai taɓa zama matsala ba, sai ya buɗe ya leƙa fuska. Fim ne dai ba ya ajiyewa, zafin ɗaki kan manne shi ya lalace.

Da Kalgo ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma, kowa na neman ɗan hoton takardar aiki, sai ya kama shago a can ya jingine keke. Ni ma a lokacin an mayar da ni koyarwa a wata firamare a Kalgo, in an tashi nakan biya in sha ruwan randarsa in tsokane shi. A wannan shagon ne ƙanin matarsa, Lukuman, wanda ke aiki a Kaduna, ya kawo masa tsohuwar kwamfuta da aka yi gwanjonta a ofishinsu. Ya ce zamani ya juya, katin biki da fasta yanzu da ita ake yi, har tsohon hoto ana gyarawa. Ya zauna da shi hutun ƙarshen mako ya nuna masa abin da ya sawwaƙa. Lawali Turancinsa na firamare ne, kuma na'urar ba ta gajiya da tambaya, komai za ta yi sai ta fito da ɗan akwati ta ce ka tabbata. Lukuman yana sauri zai kama mota, sai ya gajarce masa.

"In ta tambaye ka, Yaya, danna nan kawai. Cewa ka yi i."

Da na ji haka na ce to an haɗa gwani da aikinsa, mutumin da bai taɓa cewa a'a ba an ba shi injin da ke son i. Muka yi dariya har da shi.

Abu ɗaya ya rage masa, ba shi da na'urar da ke kwafe hoton takarda ta mayar da shi na kwamfuta. Sai ya je Birnin Kebbi wani shago a kwafe masa, a zuba a ɗan faifai, ya dawo ya juye a tasa. Faifan guda ɗaya ne kuma ba ya cin abu da yawa, don haka in ya juye sai ya share shi saboda tafiya ta gaba. Ita kuma kwamfutar irin ta da ce, ba ta karɓar dogon suna. Babu wurin gari, babu wurin sana'a. Mai Sunan Baba na wuri kaza ya koma MAISUNA kawai.

Ranar wata kasuwar Kalgo, cikin damina, ina zaune a shagon wata dattijuwar Bafulatana ta yi sallama. Ta sauke ƙwaryar nono a bakin ƙofa, ta kwance wani ƙulli daga cikin zanenta. Sunanta Hajjo, daga Wurogauri. Siririya ce, doguwa, idonta na dama ya yi fari da yana, na hagun ma ya fara.

"Kai na mai hoto na Gwandu, mai jirgi?" ta tambaya.

"Ni na, Inna."

"To wanga abu kai kay yi shi."

Ɗan ƙaramin firam ne, bai fi tafin hannu ba. A ciki wani saurayi ne da malafa, ya saɓa sanda a kafaɗa ya riƙe ta da hannu ɗaya, yana ƙoƙarin danne dariya a gaban jirgin Lawali. Laima ta shiga, hoton ya manne da gilashin, wani tabo ruwan ƙasa ya ci gefen wuyansa.

"An ce kana da inji mai ƙara ma hoto girma," in ji ta. "Idona shina tahiya. Wanga ƙanƙane ban ganin komi cikinai sai duhu. Ina son a yi babba, in gani tun ina gani."

"Wane na, Inna?"

Ta kawar da kai ta dubi ƙwaryarta. "Wani yaro na, nan gidanmu."

Ni mace ce, na gane nan take. Ɗan farinta ne. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, a wurin Fulani kuwa abin ya fi tsanani. Lawali ya zare kwalin bayan firam ɗin, sai ga rubutun hannunsa na shekara goma sha wani abu: Mai Sunan Baba, Wurogauri. Ya tambaya ina yaron yake yanzu. Ta ce shekarar sanƙarau ta tafi da shi, ya bar yarinya ɗaya. Ta faɗa muryarta ko rawa ba ta yi ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a ka. Lawali ya ce ta ba shi zuwa kaka.

Washegari ya kai hoton Birnin Kebbi aka kwafe shi ta cikin gilashin, ya dawo ya juye a kwamfutarsa. Ya fito, amma da ɗan hazo. Lawali ya ce in aka raba takardar da gilashin aka sake kwafewa zai fi kyau, kuma ya san dabarar, a jiƙa a ruwa a bar shi ya saki da kansa. Ya sha yi ya dace. Wannan karon bai dace ba. Fuskar hoton ta saluɓe ta narke a cikin kwano, takardar ta fito fara fat. Abin da ya rage a jikin gilashin sai gefen malafa da hannun da ke riƙe da sanda. Na ga hankalinsa ya tashi, amma ya dubi kwamfutar ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi, shina ciki," ya ce. "Nan ba laima, ba gara."

Daga nan ya duƙufa. Duk lokacin da aka kawo wuta kuma ba kowa a shagon, sai ya buɗe hoton yana goge tabon wuyan nan ɗigo-ɗigo. Ban taɓa ganin ya ba wani aiki zuciyarsa haka ba. Ya gama tun gero bai nuna ba. Abin da ya rage kawai ya sa a faifai ya kai Sakkwato, inda ake buga babba mai kyau. Kullum sai na ce masa ya tafi, kullum sai ya ce jibi. Ba lalaci ba ne. Siyasa ce ta dawo a shekarar, kowa na son fasta, shi kuma ba ya iya cewa kowa ya jira. Wannan jinkirin shi ne abin da har yau in na tuna nake jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa.

Cikin masu neman kansila akwai wani dillalin shanu, Alhaji Adamu, ƙato mai kumatu da doguwar hula. Lawali ya kai hotonsa Birnin Kebbi, aka tambaye shi sunan da za a sa, ya faɗi abin da ya saba faɗa. Ya dawo ya tarar da Alhajin da mutanensa sun cika shagon suna jira. Ya sa faifai zai juye, sai ɗan akwatin nan ya fito.

"Mi tac ce?" in ji Alhaji.

"Tambaya takai, Alhaji."

"To amsa mata mu tahi, jama'a na jirana."

Ya danna i. Aka yi fasta, kowa ya yaba, suka watse. Lawali ya rufe shago ya tafi gida da zuciya ɗaya, don a tunaninsa ambulan biyu ne masu rubutu ɗaya suke kwance kusa da juna.

Sai bayan kwanaki, ranar da ya shirya tafiya Sakkwato, na biyo daga makaranta ya ce in zo in yi wa yaron Inna Hajjo kallon ƙarshe kafin ya zama babba. Ya danna MAISUNA. Sai ga Alhaji ya cika gilashin da kumatu, yana murmushin neman ƙuri'a. Na fashe da dariya, na ce lallai yaro ya yi ƙiba a cikin inji. Lawali ma ya murmusa, ya rufe, ya duba ƙasa yana neman ɗayan. Ya duba sama. Ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. MAISUNA guda ɗaya ne. Ya ɗauko faifan ya duba, Alhaji ne a ciki. Na dubi fuskarsa, nan take na bar dariyar.

A ranar ya tafi Birnin Kebbi, masu shagon suka ce su ba sa ajiye aikin mutane, wurinsu ba shi da yawa, duk mako suke sharewa. Ya aika wa Lukuman, ya zo ya wuni a gaban na'urar yana gwada dabaru, ƙarshe ya jingina da bango.

"Da sharewa aka yi, Yaya, da akwai yadda za a yi. Wannan ɗora wani aka yi a gurbinsa. Ita ba ta ajiye abu biyu da suna ɗaya a wuri ɗaya. Abin da ta tambaye ka ke nan, ta ce akwai mai wannan suna a ciki, in fitar da shi in sa sabon? Da ka ce a'a ka canja wa ɗaya suna, ko ka buɗe wa kowane gari aljihunsa na ajiya a cikinta, da shi ke nan."

"Kai kac ce in ta tambaya in ce i," in ji Lawali. Ba da faɗa ya faɗa ba, a hankali ya faɗa. Lukuman ya tashi ya kashe kwamfutar.

Kaka ta zo. Hajjo ta zo shagon ranar kasuwa, Lawali ya hango ta ya fice ta ƙofar baya. Mako na gaba ta sake zuwa, wannan karon wata mata ce ke riƙe da hannunta wajen tsallaka titi, ya sake ɓuya. Nan na ajiye wasan taubasantaka na yi masa tatas. Na ce matar nan ganin da ya rage mata take kashewa a kan hanyar Kalgo saboda kai, in ba za ka iya ba ta hoto ba, ka ba ta gaskiya ta huta. Ya ce ba zai iya shiga gidan shi kaɗai ba. Na ce ni zan raka shi.

Muka shiga motar kasuwa da safe, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin da aka girbe. Hajjo ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar bukka, ta dama fura, aka gaisa aka sake gaisawa. Na lura tana duban hannun Lawali, tana neman abu mai faɗi, shi kuwa ɗan ƙulli ne kawai a hannunsa. Ya yi ta kewaye-kewaye da maganar inji har na zungure shi.

"Inna," ya ce, "mutum biyu na sa ma suna guda, ɗaki guda. Na biyu ya zo, anka tambaye ni, nic ce ya shiga. Ashe in ya shiga, na hwarko hita shikai."

"Ina yat tahi?"

"Ba inda yat tahi, Inna. Babu shi. Na takarda kuma ni na ɓata shi da hannuna wurin gyara. Laihina na, ba na kowa ba."

Wata saniya ta yi kuka a bayan shinge. Na so Hajjo ta yi faɗa, wallahi na so, da ta zage shi da mun sami sauƙi. Amma wadda ba ta yi kukan ɗan a gaban mutane ba, ba za ta yi kukan hotonsa a gaban baƙi ba.

"Ba komi," ta ce. "Hoto na, ba mutum ba."

Ta miƙo hannu, ya ba ta ƙullin. Yatsunta sun daɗe kafin su kwance shi. Ta ɗaga gilashin saitin rana, ta kawo shi dab da idon hagu, tana juyawa a hankali.

"Hannun na nan," ta ce.

Sai ta shafa farar takardar, ta juya bayanta, ta ji alamar biro. Ta tambaya me aka rubuta. Lawali ya karanta mata: Mai Sunan Baba, Wurogauri.

"Baban wa?"

"Babana, Inna."

"To ai wanga ba sunanai na ba." Ta juya takardar ta miƙa masa farin gefen. "Ɗiyatai ta shiga makaranta bana. Tana ƙarama yab bar ta, ba ta riƙe kamannunai ba. Rubuta mata sunan nan inda huskar take. Ni ban hwaɗinai, kai ka san shi."

Lawali ya karɓa ya zauna da ita a hannu. Na san abin da aka roƙe shi, ita ba ta sani ba. Na miƙa hannu zan zare biron daga aljihunsa in rubuta, ya dafe aljihun ya girgiza mini kai. A iya sanina wannan ce a'a ta farko da ya taɓa yi mini. Ya aza takardar a gwiwa, ya rubuta da manyan baƙaƙe saboda idonta, yana bin kowane harfi sau biyu. Mutum mai furfura a gemu, gumi na bin wuyansa kamar mai noma. Da ya gama bai dubi abin da ya rubuta ba, ya mayar da takardar bayan gilashin, ya rufe firam ɗin ya ba ta. Hannun da sandar suka zauna a saman rubutun.

Lawali ya yi shekaru bayan wannan yana aiki a shagon. Ya buɗe wa kowane gari aljihunsa, kuma duk lokacin da ɗan akwatin nan ya fito, sai ya janye hannuwansa ya sa a cinya, ko gwamna ne ke jira, sai an karanta masa. Ban sake tsokanarsa a kan sunan kawu ba, shi ma bai sake tayar da maganar Wurogauri ba. Hajjo kuwa an ce mini kafin damina ta zagayo idon hagun ma ya rufe.

Amma a ranar, kafin mu tashi, ta ƙwala wa jikar kira. Hadijatu ta fito daga bayan bukka da kayan makaranta a jikinta, ta durƙusa ta gaishe mu. Kakar ta ba ta firam ɗin ta ce ta karanta a ji ko ana koya musu wani abu. Yarinyar ta aza yatsa a kan gilashin, ta fara haɗa baƙi da ƙarfi yadda muke koya musu a aji.

"A... da..."

Sai ta tsaya. Ta dubi kakarta, ta dubi hannun da ke riƙe da sanda, ta rufe bakinta ta sunkuyar da kai. Lawali ma kansa a ƙasa yake.

"Ta gane," in ji Hajjo. "Je ki rataye shi ciki."